Silin Ɗakin Umma

Auta na tsaye a kan kujera tana laluben ƙusar da ake rataya gidan sauro, sai ta dafa silin da hannun hagu don kada ta faɗi. Babban yatsanta ya nutse kamar ta danna burodin da ya sha ruwa. Kafin ta janye shi, wani ruwa ja-ja, kalar shayin da aka manta a kofi, ya biyo tsintsiyar hannunta ya gangara har gwiwar hannu.

Ta saki igiyar, ta ɗaga kai sosai. Tun da suka dawo daga asibiti idonta na kan Umma ne. Ta kwantar da ita, ta gyara mata matashi, ta jera mata ƙwayoyi da abin shaƙa a kan durowa. Sai yanzu ta ga abin da ke saman kan mahaifiyarta. Wata shata ce mai faɗin tabarma, gefenta ya yi zobe ruwan ƙasa, zobe cikin zobe, alamar ruwa ya daɗe yana zuwa yana bushewa yana dawowa. Fentin tsakiyar ya kumbura ya yi ƙuraje. Daga kusurwar da ke bayan sif kuwa wasu baƙaƙen ɗige-ɗige sun taso sun bazu kamar an watsa garin gawayi, har sun fara saukowa bango. Bakin shatar saura kaɗan ya taɓa ƙwan lantarki.

Da safiyar nan likitan da ya sallami Umma ya tambaya yana rubutu, ko ɗagowa bai yi ba: "Ɗakin da take kwana fa, babu danshi? Na ga duk damina sai an kawo mana ita da wannan tarin."

Ita kuwa Auta ta amsa masa da ƙarfin gwiwa: "Likita, ni duba-gari ce. Ɗakin fes yake."

Kuma ba ƙarya ta yi ba a saninta. A wani gari take aiki, tana shiga gidajen mutane tana leƙa kwata da bayan gida tana faɗa. Hutunta sai bayan ruwa ya ɗauke yake faɗowa, duk zuwan da za ta yi sai ta tarar da silin nan fari tas kamar auduga. Wannan ne karon farko da rashin lafiyar Umma ya kawo ta gida a tsakiyar damina.

"Duba-gari, lafiya kika sandare a sama kamar an jona ki da wuta?" Gwaggo ce, ƙanwar marigayi Baba, wadda ta zo jinya. Tana zaune a bakin gado tana matsa wa Umma ƙafa.

"Gwaggo, kada wanda ya taɓa makunnin fitilar nan. Bari in kashe wutar daga mita."

Ta sauko ta fita ta kashe, ta dawo ta tsaya tsakiyar ɗaki ta ja numfashi ta hanci. A ƙarƙashin ƙamshin turare da man zafi akwai wani wari mai nauyi, irin na buhun da ya jiƙe aka naɗe shi. Ta buɗe sif. Zannuwan Umma sun yi sanyi a hannu kamar an kwaso su daga igiya kafin su bushe. A can ƙasa, takalman Baba da Umma ta ƙi bayarwa sun yi gashi fari-kore. Fumfuna ce, ta ci fata ta ƙoshi.

"Umma, tun yaushe wannan abin yake?"

Umma ta buɗe ido, ta bi yatsan 'yarta da kallo. "Au, tabon? Ai na kowace shekara ne. Yayanki na zuwa ya shafe shi."

"Ya shafe shi da me?"

"Da fenti mana. Da me ake shafewa?"

"Damina ce fa, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Wane gida ne ba ya ɗan zufa? Nawa ɗakin har kwano nake tarawa a wuri uku, ga ni nan ban mutu ba."

"Shi ke nan kullum, Gwaggo. Ban mutu ba, ban mutu ba. Sai mutum ya mutu sannan a yarda akwai matsala? Wannan baƙin abin da kike gani ba datti ba ne, rai ne da shi. Ƙura yake saki wadda ido ba ya gani, Umma na kwance a ƙarƙashinsa tana shaƙa dare da rana, mu kuma muna ta zarya asibiti muna cewa sanyi ne ya kama ta. Ruwa ba ya tsami banza."

"To Malama, mun ji wa'azi. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo."

"In ya sani ya yi shiru fa?"

Umma ta so ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Tari ne mai zurfi, mai fito a ƙarshe, wanda sai da Auta ta ɗago ta ta sa mata abin shaƙa a baki kafin ya lafa.

"Yau ba za ki kwana a ɗakin nan ba," in ji Auta, muryarta ta yi ƙasa. "Kuma silin nan sauke shi za a yi."

Hannun Umma da ke kan nata ya yi tsam. "Silin Babanku?"

Auta ta san abin da Umma take nufi, don ita ma a ƙarƙashin silin nan ta girma.

Baba mai fenti ne. Duk aikin da ya gama, in an bar masa ragowar fenti a gindin bokiti, ba ya sayarwa, gida yake kawowa. Sau ɗaya a shekara, in ruwa ya ɗauke, sai a wayi gari an fitar da kayan Umma tsakar gida, an lulluɓe gado da tsofaffin zannuwa, Baba ya sa rigar aikinsa da ta yi tauri don fenti, ya naɗa hular takardar siminti, ya hau tsani yana fito. Duk launin da aikin shekarar ya bari, shi silin zai sha. Da ya yi fentin wata makaranta, ɗakin ya zama kore, Umma ta ce kamar tana kwana a gindin bishiya. Da ya yi na wani gidan mai, ya zama ruwan ƙwai mai haske har yana sa ido ƙwalla. Akwai shekarar da ya kawo wani ruwan hoda daga shagon gyaran gashi, Umma ta rantse ba za ta kwana a ciki ba, ta kuma kwana, tana mita tana murmushi.

Da haka gidan ya daina lissafi da shekaru irin na mutane. Sai a ce, ai Yaya ya karye a hannu shekarar kore. Kaka ta rasu shekarar toka. Ita Auta an haife ta shekarar shuɗi, shuɗin sama, ragowar fentin wani wurin ninkaya na yara, kuma Baba ya sha gaya mata cewa abin da idonta ya fara gani a duniya ke nan. Ranar fenti ita da Yaya sukan dawo daga makaranta a guje, su kwanta rigingine a ƙasa suna kallon buroshi na kai da komo, ɗigon fenti na faɗo musu a goshi suna ihu, Umma na korarsu da mafici. Da yamma Baba ya wanke hannu da kananzir ya ce, "To, uwargida, an canja miki sama."

Bayan rasuwarsa Yaya ne ya gaji tsanin da rigar da buroshin. Shi direban motar haya ne mai dogon zango, ba ya samun ragowar fentin kowa, sai ya riƙa sayen fari. Tun daga nan shekarun gidan suka zama iri ɗaya.

Auta da Gwaggo suka kama Umma suka kai ta ɗakin da Auta take kwana tun tana yarinya, wanda tagarsa ke kallon tsakar gida. Auta ta buɗe tagar, ta shanya zannuwan a rana tun da hadari bai haɗu ba, ta fitar da takalman Baba ta ajiye can gefe. Tana cikin ɗaura takunkumi a hanci za ta koma ɗakin, sai ta ji ƙarar buɗe ƙofar gida da wani irin fito da ya sa gabanta ya faɗi, don sak fiton Baba ne.

Yaya ne, da bokitin fenti a hannu ɗaya, rola a ɗaya, ya cika ƙofar da jikinsa.

"Autar Umma! Wa ya mutu kika rufe fuska haka? Ina mai jikin?"

"Da sauƙi. Sannu da hanya, Yaya. Mene ne wannan?"

"Na ji an sallamo ta, na ce bari in ba wani motar yau in zo in haskaka mata ɗaki. Bana ba sai an jira ruwa ya ɗauke ba. Mara lafiya ba ya son ganin tabo." Ya ajiye bokitin, ya leƙa ta taga ya gaida Umma da Gwaggo, ya wuce ɗakin ajiya. Da ya fito yana sanye da rigar Baba, maɓallan cikin sun ƙi haɗuwa, ga tsani a kafaɗa.

Auta ta tsaya a ƙofar ɗakin Umma ta tare hanya.

"Yaya, ba za a shafa fenti a silin nan ba."

"Saboda me?"

"Saboda ruɓewa ya yi. Ruwa na kwance a samansa, fumfuna ta cinye shi. Ita ce take kai Umma asibiti."

"Ai shi ya sa za a shafe ta. Wannan mai mai ne, ba na ruwa ba. In na yi masa hannu biyu, ko da tocila kika zo ba za ki ga komai ba."

"Ni ba zan gani ba, huhun Umma zai gani. Ka taɓa tambayar kanka daga ina ruwan yake zuwa?"

"Daga sama mana, ko daga ƙasa kika ga ana ruwa?" Ya yi dariya, ya juya wajen taga. "Gwaggo, kin ji 'yar boko. An ba ta takardar kama masu kwata, yau ta rasa wanda za ta kama sai yayanta."

"Kama shi, Duba-gari," in ji Gwaggo daga ciki. "Dama tumbin nan nasa ya saɓa doka."

Auta ba ta yi dariya ba. Zuciya ta riga ta ɗebe ta. "Abin wasa ne a wurinku. Shekara da shekaru kana zuwa kana lulluɓe ciwo da farin zane, mu zo mu ce ma sha Allah, ɗaki ya yi kyau. Haka muke da komai. Bango ya tsage, a liƙa kalanda. Kwata ta toshe, a ɗora katako a tsallake. Mu dai kada baƙo ya gani."

Fuskar Yaya ta canja. "Ni nake lulluɓe ciwo? Ina kike duk shekarun nan? Ke kina can kina duba gidajen mutane, ni nake baro hanya in zo in hau tsanin nan. Yadda Baba yake yi haka nake yi, ban ƙara ba ban rage ba."

"To in haka Baba yake yi, shi ma rufa-rufa ya koya mana."

Maganar na fita ta so ta mayar da ita. Yaya ya jingina tsanin a bango a hankali, kamar mai tsoron abin da hannunsa zai yi in bai ajiye ba.

"Maimaita," ya ce.

Ba ta maimaita ba. Ta ɗauki sandar goge ɗaki da ke jingine, ta miƙa masa takunkumi ɗaya daga aljihunta. "Sa wannan, ka tsaya daga bakin ƙofa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In na yi ƙarya, da hannuna zan riƙe maka bokiti."

Ta shiga, ta tsaya daga gefe, ta kai sandar tsakiyar kumburin ta tura. Ba ta sa ƙarfi ba. Silin ya buɗe baki kamar dama jira yake. Ruwa baƙi ya zubo shaa a daidai inda matashin Umma yake ɗazu, sai ga falle guda ya ɓallo ya faɗo tim a kan gadon da Auta ta riga ta ɗauke wa katifa. Bayansa baƙi ƙirin ne, mai gashi-gashi, yana yauƙi. Warin ya buge su har ta cikin takunkumi. Ta ramin da ya buɗe ana hango katakon rufi ya jiƙe sharkaf, can sama kuma wasu 'yan ƙananan huda a jikin kwano, rana na leƙowa ta cikinsu kamar taurari.

Yaya ya daɗe yana kallon gadon. Ya juya ya fita, ya zauna a kan bokitin fentinsa can ƙarshen tsakar gida, ya ba ɗakin baya.

Auta ta sa safar roba ta jawo fallen waje. Wajen karyewar ne idonta ya tsaya. Fentin ya yi kauri kamar kwali, kuma a bakin karayar ana ganinsa hawa-hawa, siri-siri, kamar an yanka albasa. Fari, fari, fari, sannan ruwan hoda. Ruwan ƙwai. Toka. Kore. Can kusa da ƙasa, wani siririn layi shuɗi.

Ta nemi gefen da ruwa bai kai ba, ta ɓantari ɗan guntu kamar tafin hannu, ta kankare bayansa tas, ta wanke shi da sabulu, ta goge. Ta cire safar da takunkumin, ta wanke hannu, ta shiga wurin Umma. Gwaggo ta dube su, ta ce bari ta ɗora ruwan zafi, ta fita.

Umma ta karɓi guntun ta kai shi kusa da ido. Ta sa farce tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi.

"Ga shekarar da muka sayi keken ɗinki. Ga ta kakarku, Allah ya jiƙanta. Wannan ruwan hodar, kai, mutumin nan ya ci zalina." Farcen ya tsaya a kan shuɗin. "Ga ki nan."

"Umma, ki yafe min abin da na faɗa a kan Baba."

"Na ji ki ai. Har makwabta sun ji ki, bakinki kamar lasifika." Ta ajiye guntun a ƙirjinta. "Babanku bai taɓa shafa fenti a kan tabo ba. A zamaninsa silin nan bai san tabo ba. Fentin nan ba don ya rufe komai yake yi ba, don ni yake yi."

"To yaya aka yi ba ya yoyo?"

"Hawa yake yi. Ranar fenti, kuna fita makaranta shi kuma zai sa tsani ta bayan gida, da gwangwanin kwalta da guduma. Ya share ganyen da ya taru a indararo, ya bi kwanon nan falle-falle, inda ƙusa ta ɗago ya mayar, inda ya huje ya toshe. Kafin ruwa ya sauka ma sai ya hau. Ni ina ciki ina naɗe kaya ina jin takunsa a sama, ƙaf, ƙaf, a hankali kamar mage. Kafin ku dawo ya sauko ya wanke kwaltar ya ɗauki buroshi. Ku fenti kuka gani. Ni na ji takun."

Auta ta zauna a bakin gado. Duk tsawon yarintarta, ba ta taɓa ganin Baba a kan rufi ba. Shi ma Yaya bai taɓa gani ba. Rabin aikin ya gada, rabin da ake gani daga kwance a ƙasa.

"Umma, kin san haka, me ya hana ki gaya wa Yaya?"

Umma ta juya kai wajen taga. Daga nan ana hango faffaɗan bayan Yaya cikin rigar da ta yi masa kaɗan.

"Kin san aikinsa. Yau yana gabas gobe yana yamma. In ya zo gaisuwa ko zama ba ya yi, mota na jiransa a waje da fasinja. Amma in na buga masa waya na ce tabon nan ya fito, sai ya ajiye komai. Ya wuni a ɗakina, da rigar nan, yana fiton nan. In dafa masa abinci ya ci a gabana, yana ba ni labarin hanya." Ta ja numfashi, fiton ƙirjinta na fita siriri. "In rufi ya daina yoyo, da me zan kira shi?"

Duk maganganun da Auta ta saba zazzaga wa masu gidaje suna nan a bakinta, a shirye. Ta san illar fumfuna, ta san yadda huhun tsoho yake gajiya. Ta so ta ce, Umma, numfashinki kika riƙa bayarwa don wuni ɗaya a shekara? Ta so ta yi faɗa da Umma, da Yaya, da kanta da take zuwa bayan an gama shafe-shafe ta yaba. Ta dubi hannun da ke riƙe da guntun silin, jijiyoyi duk sun fito, sai ta haɗiye.

"Ba za ki koma ɗakin ba sai an sauke silin duka, katako ya bushe, an sa sabo," ta ce. "Wannan ba roƙo ba ne."

"Na ji, Duba-gari."

"Kiran Yaya kuma ki bar min," in ji Auta.

Ta fita ta sami Yaya. Yana jujjuya rola a hannu, idonsa ya yi ja.

"Da a kanta ya faɗo fa?" ya ce, bai dube ta ba. "Ni da hannuna nake ƙara masa nauyi duk shekara."

"Ni ma da bakina na gaya wa likita ɗakin fes yake. Tashi, Yaya, hadari na haɗuwa. Umma ta ce Baba ba da buroshi yake farawa ba."

Ta gaya masa zancen tsani da kwalta da indararo. Sauran zancen ta bar shi a cikinta. Ya saurara baki buɗe.

"Baba? A kan kwano? Yaushe?"

"Muna makaranta."

"Shi ne bai taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaye shi? Mu dai a ɗiga mana fenti a goshi." Ta ɗauko tsanin ta miƙa masa. "Gobe za a kira kafinta ya sauke silin ya canja kwanon da ya mutu. Amma duban rufi naka ne. Kafin ruwa ya sauka a hau, a tsakiyar damina a hau a share ganye, in ya ɗauke a sake hawa. Kuma Umma ba ta yarda wani bare ya taka mata rufi ba, sai kai. Sabon silin ma fenti yake so, ta ce ta gaji da fari."

"Ita ta faɗa?"

"Je ka tambaye ta."

Ya dubi rufin, ya dubi cikinsa. "Auta, ni fa ko saman mota ba na hawa ɗaurin kaya. Jiri nake ji."

"Zan riƙe maka tsani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Suka zagaya ta gefen tagar ɗakin da Umma take. Ya cire takalmi, ya yi bismilla, ya fara hawa, tsanin na kuka a ƙarƙashinsa. Gwaggo ta fito daga kicin da buta a hannu ta riƙe baki.

"La ilaha! Yau ga giwa a kan kwano. Duba-gari, in ya faɗo ta silin kun huta da kuɗin kafinta."

"Gwaggo, ki yi min addu'a, ki bar tsiya," in ji Yaya daga sama.

Kwanon ya yi ƙara da ya ɗora ƙafar farko. Sai muryar Umma ta fito ta taga, da ƙarfin da Auta ba ta ji ta da shi ba tun da ta zo.

"Ka bi layin ƙusa! Nan katako yake. Kada ka taka tsakiya!"

Takun ya daidaita. Ƙaf. Ƙaf. Ya yi nisa ya nufi saman ɗakin Umma. Can sai ga tulin ruɓaɓɓen ganye baƙi ya faɗo tsakar gida, wani ya biyo shi, ruwan da ya daɗe a tsare ya kwararo ta indararo. Daga nan sai shiru. Shirun ya yi tsawo har Auta ta ji tsoro.

"Yaya? Lafiya?"

"Auta." Muryarsa ta canja. "Akwai faci a nan. Ko'ina faci ne na kwalta, ƙanana-ƙanana. Kuma kowanne ya shafa masa fenti a kai." Aka ji ya ɗan matsa gaba. "Ga kore. Ga ruwan ƙwai. Ga na shagon gyaran gashin nan. Wallahi ga shuɗinki, guda biyu, kusa da ƙololuwar rufin."

Auta ta ƙanƙame tsanin, ta kifa goshinta a kan matakalar.

"Duk suna nan," in ji Yaya. Sai kuma a hankali, kamar da kansa yake: "Babu fari ko ɗaya."

Iska mai sanyi ta taso, zannuwan da ke kan igiya suka fara kaɗawa. Gwaggo ta ajiye buta ta ruga kwasowa tana kiran a sauko kafin ruwa. A sama takun ya ci gaba, yana tafiya yana tsayawa, sai kuma aka ji wani ɗan fito yana fita a rarrabe, na mutumin da tsoro bai gama sakinsa ba.

Auta ta leƙa ta taga ba tare da ta saki tsanin ba. Umma na kwance rigingine, guntun silin a ƙirjinta, idonta a rufe, fuskarta na kallon sama.

"Umma, barci kike?"

"Yi shiru, ina ji." Ta ɗan karkata kunne. "Ya fi Babanku nauyi. Amma zai koya."